Hannun Hukuma a Shekarar Tsanani: Waiwaye kan Karayar Arzikin 2016

Ranar 31 ga watan Agusta na shekarar 2016 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman da suka tabbatar da abin da magidanta suka daɗe da sani daga kuɗin cefane, watau cewa tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya wata shida a jere, wanda a wajen masana wannan fanni shi ne haddin da in ƙasa ta kai shi ake yanke mata hukuncin karayar arziki. Da shekara ta ƙare aka yi jimla, sai aka tarar abin da ƙasar ta samar ya ragu da wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, al'amarin da rabon a ga irinsa an yi kusan shekara 25. A cikin wannan mako ne kuma Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya sauka Legas ba tare da wata sanarwa ba, ya zarce unguwar Yaba wajen samarin da ke rubuta manhajar kwamfuta, domin ya ga da idonsa abin da ake ba shi labari. Tun da yake yanzu ƙura ta lafa, an kuma ga makomar galibin dabarun da aka yi a wancan lokaci, ya dace a waiwaya a tantance inda hannun hukuma ya yi albarka da inda ya zama shi ne ciwon.

Asalin musibar ba ɓoyayye ba ne. Gangar ɗanyen mai, wadda a tsakiyar 2014 ta haura dala 110, ta yi ta gangarowa har ta faɗi ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016. Kuma ko da yake mai bai wuce wajen kashi 10 na abin da 'yan ƙasa ke samarwa ba, shi ne ke kawo fiye da kashi 90 na kuɗin waje, shi ne kuma ke cika mafi yawan baitulmali. Ana cikin haka sai tsagerun Neja Delta masu kiran kansu Avengers suka fasa bututun Forcados a watan Fabrairu, suka bi sauran bututai da ɓarna, har abin da ake haƙowa a rana ya sauko daga ganga miliyan 2.2 da aka gina kasafi a kai zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi. Ga faɗuwar farashi, ga ƙarancin kaya. Jihohi 27 cikin 36, bisa faɗar Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa, suna fama da biyan albashi, a ƙasar da albashin ma'aikaci guda yake ɗauke da mai kanti da mai haya da tela da dangi na ƙauye.

Amma fa wannan ƙaddara ta faɗa wa Saudiyya da Kuwait kamar yadda ta faɗa mana, kuma abin da ya raba mu da su tanadi ne. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, an buɗe asusun rarar kuɗin mai, inda ake zuba duk abin da ya haura farashin da aka ƙiyasta a kasafi. Ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, shi ne kuma ya tare mana guguwar da ta girgiza duniya a wannan shekara. Daga baya mai ya sake tsada, ya yi shekara uku da ɗoriya a kan dala ɗari, amma maimakon a mayar da abin da aka ɗiba, sai gwamnoni suka kafa hujja da tsarin mulki cewa duk kuɗin da ya shigo na rabawa ne, har suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ita ma tarayya ba ta kame hannunta ba, ta yadda lokacin da mulki ya sauya a 2015 abin da ya saura bai fi dala biliyan biyu da 'yan kai ba. Kowane ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da shekarun yalwa bakwai da na fari bakwai. Abin da masu mulki ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne, tadbirin da ya ceci Masar an yi shi ne tun a shekarun yalwa, sa'ad da tanadi ba ya jawo wa kowa yabo.

Cewa wajibi ne hukuma ta buɗe hannu idan kasuwa ta ƙame, wannan magana ce da ba ni da ja a kanta. Masana suna jingina ta ga John Maynard Keynes, Baturen Ingila wanda ya wallafa babban littafinsa a 1936, hujjarsa kuwa ita ce, tun da abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu, in kowa ya tsuke bakin aljihu a lokaci guda kowa zai daɗa talaucewa, sai fa in an sami wani babba wanda zai kashe alhali kowa na tsoro. Musulmi suna da magabaci a kan haka tun shekarar Ramada, ta 18 bayan Hijira, sa'ad da Sayyidina Umar ya aika wa gwamnoninsa neman abinci, Amru ɗan Asi ya turo ayari, aka ciyar da mutanen da suka kwararo Madina daga baitulmali, aka kuma jinkirta karɓar zakkar shekarar. Gwamnatin Buhari ta rungumi wannan ra'ayi: ta yi kasafin naira tiriliyan 6.06, mafi girma har zuwa lokacin, ta ware biliyan 500 domin tallafi, daga ciki har da ciyar da 'yan firamare da shirin N-Power, wanda ya ɗauki matasa 200,000 a rukunin farko yana biyan kowa naira 30,000 a wata. Niyyar babu laifi. Illar tana wajen lokaci. Ba a rantsar da ministoci ba sai Nuwamban 2015, kusan wata shida da kama mulki, ba a sa wa kasafin 2016 hannu ba sai ranar 6 ga Mayu, bayan rigimar cushe da ta cinye watanni. Babban Banki kuma ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 14 a watan Yuli, ita hukumar tana cin bashi a cikin gida da riba mai tsoka, har bankuna suka ga babu dalilin wahalar da kai wajen ranta wa mai masana'anta alhali ga mai karɓar bashi wanda ba ya gudu.

Babban kuskuren, a ganina, yana wajen dala. Tun farkon 2015 Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya kafe farashinta a tsakanin naira 197 da 199, ya tsaya a kan haka har zuwa 20 ga Yunin 2016, alhali kuwa a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja ta daɗe da haura ɗari uku. Shugaban ƙasa ya goyi bayan wannan da zuciya ɗaya, domin ya ga abin da karya darajar naira ya yi wa talaka a zamanin SAP bayan 1986, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Sai dai fiƙihunmu ya riga ya yi nazarin wannan mas'ala a babin tas'iri, watau ƙayyade farashi. An ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yi ba. Malaman Malikiyya da suka halatta shi saboda maslaha kuwa, irin su Ibnu Habib, sun gindaya sharaɗin cewa shugaba ya tara manyan kasuwa, ya binciki yadda suke saye da yadda suke sayarwa, ya bar musu ribar da za ta riƙe su, kuma Abul Walid al-Baji ya bayyana dalili, cewa farashin da aka ɗora wa mutane ba tare da riba ba yana kai ga ɓoye kaya da lalacewar kasuwa. Abin da ya faru ke nan, harafi da harafi. Dala ta ɓace daga bankuna. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, wanda ke buƙatar sinadari ko kayan gyaran inji daga waje, ya cika takardu ya yi ta jira wata da watanni, in ya gaji ya tafi wajen 'yan canji ya saya da tsada. Wanda ke da uwa a gindin murhu kuwa ya karɓa a farashin gwamnati ya juyar a kasuwa, ya kwana da arzikin da mai sana'a ba ya samu a shekara goma. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, wanda shi ma ya taɓa riƙe Babban Bankin, ya fito fili a 2016 ya faɗi haka, ya ce an buɗe wa masu hanya ƙofar kuɗancewa da 'yan kiran waya kawai. Kamfanonin jiragen sama irin su United da Iberia, da kuɗinsu ya maƙale, suka daina zuwa. Da aka sassauta a watan Yuni ma sassaucin rabi ne, domin an sake kafe ta a wajen 305, aka kuma tura jami'an tsaro su kai wa 'yan canji samame, dala ta mayar da martani da haura 500 a Fabrairun 2017, wata guda bayan hauhawar farashin kaya ta kai kashi 18.7. Ba a sami sauƙi ba sai a watan Afrilu, da aka buɗe wa masu zuba jari da masu fitar da kaya wata kafa inda aka bar mai saye da mai sayarwa su daidaita, aka tsaya a wajen 360, kuɗin waje ya fara dawowa. Talakan da aka ce ana karewa, shi ya biya farashin kasuwa tun daga farko, domin mai kanti ba ya lissafi da dalar da bai samu ba.

Labarin shinkafa ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma zalunci ne a yanke masa hukunci da kalma ɗaya. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana wa kayayyaki 41 dalar gwamnati, daga shinkafa da siminti da tumatirin gwangwani har zuwa tsinken sakace da turaren Indiya. A Nuwamba kuma shugaban ƙasa ya je Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, inda ake ba wa ƙaramin manomi iri da taki da magani bashi, da ruwan da bai wuce kashi 9 ba, ya biya da shanshera bayan girbi ta hannun wani babban mai casa da ya tsaya masa. Wanda ya san fadamun Argungu da Suru da Haɗeja da Kura kafin wannan lokaci ya kuma gan su bayansa, ba zai yi musun cewa an sami sauyi ba: noman rani ya bunƙasa, matasan da ke tafiya cirani da yawa sun zauna gida, Legas da Kebbi suka haɗa hannu suka fitar da Lake Rice a Disamban 2016, aka buɗe katafaren injin casa na WACOT a Argungu a 2017, ƙananan injuna kuma suka cika garuruwa, aka koyi cire tsakuwa har shinkafar gida ta daina zama abin kunya a gidan biki. Wannan alheri ne, kuma da hannun hukuma aka same shi.

To amma Babban Banki, wanda aikinsa tsaron darajar kuɗi ne, ya zama mai rabon taki, kuma rabo, in ya shiga hannun da ba ya jin zafin hasara, ba ya rabuwa da 'yan cuwa-cuwa. Zuwa 2023 an raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce abin da aka biya bai wuce kashi 24 ba, bankin ya ce a'a, kashi 52 ne, wanda ko an ɗauki maganar bankin, kusan rabin dukiyar jama'a bai dawo ba. Wasu manoman ambaliya ce ta cinye su, wasu kayan sun iso musu bayan lokacin shuka ya wuce, wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu kuwa ba su taɓa riƙe fartanya ba. Uwa uba, abin da hekta guda ke bayarwa bai ƙaru yadda zai sa shinkafar gida ta yi gogayya da ta Tailan ko ta Indiya a farashi ba, saboda haka shinkafar waje ta sauya hanya kawai: ta sauka Kwatano, ta biyo ta Seme, ko ta zagayo ta Nijar ta shigo ta Kamba da Illela da Jibiya a bayan babura. Aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka gurgunta halastaccen cinikin da ke tsakanin Kano da Maraɗi tun kaka da kakanni, buhu kuwa bai fasa tashi ba. Dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022, wadda aka so ta tuna wa mutane dalar gyaɗa ta Kano, ta tsaya ne a lokacin da magidanci ke sayen mudu da ninkin abin da ya saba.

Tumatir ya nuna inda giɓin yake tun da wuri. An hana wa na gwangwani dala, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa shi a Kadawa a farkon 2016, sai ga tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta share gonakin Kano da Kaduna da Katsina cikin 'yan makonni, masana'antar ta tsaya don rashin kaya, Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Takardar hani daga Abuja ba ta kashe tsutsa. Abin da ke kashe ta shi ne mai bincike a ɗakin gwaji da malamin gona a bakin fadama, su ne kuwa aka fi yi wa ƙwauron kuɗi, alhali duk wani ci gaba mai ɗorewa da noman Arewa ya samu daga wajensu ya fito: irin shinkafar nan FARO 44 da aka cika fadamun Kebbi da shi ya biyo ta hannun cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tun shekaru da dama kafin a san za a yi wani shirin rance, irin waken nan mai jure tsutsa kuma, SAMPEA 20-T, cibiyar Samaru ta Zariya ce ta fitar da shi a 2019 bayan gwaji na shekaru. Irin wannan aiki ɗan kasuwa ba zai yi shi ba, domin ribarsa ta kowa ce, kuma tana zuwa a makare. Shirin taki na Disamban 2016 ma, wanda aka ƙulla da Maroko, ya fi shirin rance tsabta saboda dalili makamancin wannan: hukuma ta kawo sinadarin da babu shi a gida, ta bar masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe su yi aikin, buhu ya sauko zuwa naira 5,500.

Samarin Yaba kuwa, babu wanda ya ba su rance mai rahusa, babu kuma wanda ya hana wa abokan gogayyarsu dala. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015, aka kafa Flutterwave a 2016 a tsakiyar karayar, kuma a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200. Masu son nuna cewa hukuma ba ta da wani amfani suna yawan kafa hujja da su, amma hujjar ba ta cika ba, domin a kan shimfiɗar hukuma suka yi gini: gwanjon lasisin wayar salula da aka yi a bainar jama'a a Janairun 2001, da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna na 2011, da ƙa'idar wakilan banki ta 2013, da lambar BVN ta 2014. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ambaci sunan wanda zai amfana. An buɗe ƙofa ne ga duk mai iyawa, har ta kai yau ɗan POS a ƙarƙashin lema ya zama bankin unguwa a garuruwan da ba su taɓa ganin reshen banki ba. Inda aka rufe ƙofar ma an ga sakamako. Kenya ta bar kamfanin waya ya riƙa aika kuɗi tun 2007 da M-Pesa, mu kuwa aka hana kamfanonin waya jagorantar wannan harka har zuwa ƙarshen 2018, don kare bankuna, alhali su ne kaɗai ke da wakilai a ƙauyukan Arewa, inda fiye da rabin baligai ba su da wata alaƙa da banki. Jinkirin shekara goma sha ɗaya ne, kuma mu 'yan Arewa muka fi kowa biyan kuɗinsa.

Cikin bashin da aka ci, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne sukuk na Satumban 2017, na naira biliyan 100 bisa tsarin ijara, wanda aka raba daidai wa daida tsakanin shiyyoyi shida aka zuba a hanyoyi 25, ciki har da ta Kano zuwa Maiduguri. An yi ta hayaniyar cewa ana son musuluntar da ƙasa. Falalarsa kuwa ta duniya ce tsantsa, domin shari'a ba ta yarda a sayar da takardar sukuk ba sai an ɗaure ta da wata kadara sananniya, saboda haka kuɗin ba ya iya sulalewa zuwa alawus da sayen motoci, kuma mai tafiya yana ganin allon da ke nuna sashen da aka gina da shi. Sauran bashin ba haka yake ba. Jimlar abin da ake bin ƙasar ta tashi daga wajen naira tiriliyan 12 a tsakiyar 2015 zuwa kusan 22 a ƙarshen 2017, kuma da yake harajin da ake tarawa bai wuce wajen kashi 6 na abin da ƙasa ke samarwa ba, sai aka koma ga hanya mafi sauƙi, watau karɓar rance kai tsaye daga Babban Banki, wanda ba shi da bambanci da buga sabon kuɗi, har ya taru ya kai tiriliyan 22.7 da majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango a 2023. Al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar, da ya yi nazarin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a farkon ƙarni na 15, bai ɗora laifin duka a kan ƙarancin ruwan Nilu ba. Ya ambaci sayar da muƙamai, da tsawwala wa manoma, da cika kasuwa da kuɗin tagulla marasa daraja.

A hukumance an fita daga karayar a tsakiyar 2017, da Forcados ta dawo aiki, mai kuma ya ɗan yi daraja, amma bunƙasar shekarar ba ta kai kashi ɗaya ba a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da fiye da kashi biyu da rabi, kuma kafin a farfaɗo annobar 2020 ta sake jefa mu ciki. Sauran bashin gaskiya an biya shi a dunƙule: gwamnatin Bola Tinubu ta janye tallafin fetur a ranar da ta kama mulki a Mayun 2023, ta saki naira a Yuni, Babban Banki ya soke hanin kayayyakin nan a Oktoba ya kuma janye hannu daga rabon rance, dala ta haura 1,500 a farkon 2024. A Yulin 2024, da yunwa ta tsananta, aka ba da sanarwar ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Masu injunan casa na Kano da Kebbi, waɗanda suka ci bashi suka kafa su bisa alkawarin cewa ƙofa za ta ci gaba da zama a rufe, yanzu suna fuskantar shinkafar Indiya da wutar da ba ta tsayawa, da dizal mai tsada, da manomin da hektarsa ba ta ba da fiye da abin da take bayarwa a 2015 da wani abin kirki ba.